Shingen Matan Gure a Kwarin Aji: Wasiƙa ga Shugaban Reshen Jam'iyyarmu

Zuwa ga Mai girma Alhaji Mutari, Shugaban reshen jam'iyyarmu na Gure.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka na buro, wato ofishin reshe, ina yi maka sannu da ɗawainiyar jama'a. Allah ya taya ka riƙo.

Ni ce Madan Rabi, sakatariyar ƙungiyar matan jam'iyya ta cikin garin Gure. Kai ka san ni, don ni na kama hannunka na koya maka rubutu a lakwal kafin in yi ritaya, amma masu karanta wannan takarda ba duka suka san ni ba. Sau uku ina zuwa buro don in gan ka. Sau biyu aka ce kana Damagaram, na ukun kuwa motarka tana ƙofa, aka ce mini kana ganawa da baƙi. Na zauna a kan benci har aka kira azahar. Shi ya sa na koma ga alƙalami, kuma na sa maganar a fili, tunda abin da zan faɗa a fili ya faru.

Na farko, ina so ka san yadda aikin Kwarin Aji ya samo asali, domin na lura a buro ba wanda ya taɓa tambaya.

Ka san abin da ƙungiyarmu take yi tun kafuwarta. Mu ne masu tafi da guɗa a wurin miting, mu ne masu dafa wa baƙi abinci, mu ne masu shiga gida-gida lokacin kamfen. Duk Asabar da la'asar muna taruwa a gidan shugabarmu Hajiya Zara, kowa ta zuba dala ashirin saboda biki da suna da ta'aziyya. A cikinmu akwai wata tsohuwa Bamangiya, irin Barebarin yankinmu, Ya Falmata, mai sayar da kanwa da dabino a bakin kasuwa. Kullum da ƴar tabarmarta take zuwa, ta shimfiɗa kusa da ƙofa. Ba ta cika magana ba, saboda Hausarta tana da nauyi, ƴan mata sukan yi mata dariya. Shekaru muna tare, ban san ko daga wane gari ta fito ba.

Wata Asabar muna gardama a kan launin zanen ankon da za mu ɗinka na babban taro, sai ta ɗaga hannu kamar ƴar makaranta. Ta ce garinsu Kwarin Aji ne, a hanyar Gidigir. Ta ce rairayi ya cinye lambun mahaifiyarta tun da jimawa, yanzu kuma ya doshi rijiyar gari. Sai ta ce, "Ku da ake jin maganarku a gaban manya, ku zo ku gani da idonku." Mu biyar muka shiga motar kasuwa muka tafi.

Mai girma Shugaba, a ƙasar nan aka haife ni, na san rairayi tun ina rarrafe. Amma abin da na gani ran nan ban taɓa ganin irinsa ba. Kwarin yana ƙasa, kore shar, da dabino da goriba da ƴan lambunan albasa da rogo. A gabas da shi kuwa wani tudun rairayi ne fari tas, ya fi hasumiyar masallacin Juma'a tsawo, ba ko tsinken ciyawa a kansa. Ya riga ya shigo cikin kwarin. Mun ga dabinon da ya nutse har wuya, ganyen kansa kawai ke motsi a waje. Mun tsaya shiru, sai muka ji rairayin yana zubowa da ƴar ƙara siririya, ba ya tsayawa. Daga gindin tudun zuwa bakin rijiya na ƙidaya taku, ban kai arba'in ba. Hajiya Zara ta zauna a ƙasa tana salati. Ni dai na ga ƙanƙantar mutum a gaban ikon Allah.

Muka nemi Malam Brah, ma'aikacin gandun daji, ya ce ana iya tsayar da tudu. A sari kalimbo, tsiron dajin nan mai kama da tsintsiya, da kaba, a kafa shinge gida-gida a kansa kamar zanen dara, in damina ta faɗi a dasa itatuwa a cikin gidajen, sannan a hana dabba shiga har damina uku. Amma ya ce aikin ƙarti ne, kuma yana son mota da kayan aiki da abinci. Mun zo maka da maganar a lokacin. Ka saurare mu da mutunci, ka ce a bari sai an ji daga uwar jam'iyya a Yamai. Ban riƙe ka da wannan ba, na san ba komai ke hannunka ba. Rairayin ne dai ba ya jira.

Na biyu, yadda aka tara abin aikin.

Abu na farko da mata suka yi shi ne fasa ɗinkin anko. Wanda ya san mu ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. A taron nan na shekarar da tsofaffin zannuwanmu muka fito, har wasu a buro suka ce mun kunyata reshe. Kuɗin ankon shi ya zama farkon asusun.

Daga nan kowa ta shiga da abin da ta iya. Aka ajiye babban tulu a gidan Hajiya Zara, aka yi alkawari duk wadda za ta yi daka ta ɗebi hannu guda na hatsi ta ware. Ran Asabar sai ka ga mata suna shigowa da ƙulli a bakin zane suna juyewa. Tulun nan sau nawa ya cika, ni kaina na daina lissafi. Ran kasuwa muka kafa rumfa muna sayar da ƙosai da dambu da kunun gyaɗa. Masu saƙa suka kawo tabarmi da faya-fayai. Muka yi kermes, wato bikin tara kuɗi, a filin lakwal, aka yi kitso da lalle na kuɗi, masu algaita suka busa mana kyauta tun hantsi har la'asar. Wata amarya ta ciro kwalla biyu daga jerenta ta kawo a sayar. Wata da ke cikin takaba ta aiko a ce mana amalanken mijinta da san da ke jansa suna hannunmu har aiki ya ƙare. Abin da ya fi ba mu mamaki, uwargidan shugaban jam'iyyar da muke hamayya da ita, wadda ko gaisawa ba ma yi lokacin zaɓe, ta aiko da buhun gero da rana tsaka, ta ce a gaya mana ita ma kakarta a kwari ta girma.

Ya Falmata kuwa wata rana ta kira ni gefe ta danƙa mini wani ƙullin kuɗi mai nauyi, ta ce kada in faɗi sunanta a taro. Na yi mamakin inda ta samu, amma ban tambaya ba. Sai bayan mako biyu na hango ta tana shigowa kasuwa da buhun kanwa a ka, tana tafiya tana hutawa. Jakinta ta sayar, wanda take ɗauko kaya da shi. Shi ke nan abin da ta mallaka mai ƙafa huɗu. Na yi mata faɗa har da hawaye, ta yi dariya ta ce wuyanta bai tsufa ba tukuna.

Ina faɗin waɗannan ne don ka sani, ɗana, ko dala ɗaya ba ta fito daga buro ba. Ba gori nake yi ba. Dalilin faɗar zai zo a gaba.

Na uku, aikin kansa.

Bayan sallar asuba muke hawa babbar motar kamyon da muka yi haya, mu isa kafin rana ta yi zafi. Matan Kwarin Aji suna jiranmu da lauje da adda. A sari kalimbo a daji, a ɗaure dami-dami, amalanke ya kawo gindin tudu, daga nan sai kai. Duk wanda bai taɓa hawa tudun rairayi da dami a ka ba, ba zai gane ba. Ana taku biyu ana zamewa ɗaya, ƙafa tana nutsewa har ƙauri, in hantsi ya yi kuma rairayin yana ƙuna kamar toka mai zafi. Muka riƙa ɗaure tsumma a ƙafa. Akwai malaman makaranta a cikinmu, akwai ungozoma, akwai matan alhazai waɗanda ko tulu ba su ɗauka a gidajensu. Na ga Hajiya Zara da ciwon gwiwarta tana hawa da rarrafe, tana jan dami a bayanta. Matan Fulani na wajen Bune da suka ji labari suka riƙa zuwa da ƙwaryar nono, ba su karɓar ko sisi. In gajiya ta yi yawa sai wata ta ɗauko waƙa, a amsa da Hausa, a amsa da Manganci, a amsa da Fulatanci.

Shingen farko da muka yi mako uku muna kafawa, iska ta kwantar da shi a yini guda. Da muka iso muka gani, wasu suka fashe da kuka, wasu suka ce a haƙura, an gwada. Muna cikin haka sai muka hangi Ya Falmata can sama ita kaɗai tana zaro kalimbon daga cikin rairayi tana tarawa. Da muka hau, ta ce tun farko ta ga an karkata shingen ba daidai ba, amma ta ji nauyin gyara wa mai ilimi. Ta ce iskar wurin ba daga gabas sak take zuwa ba, tana kewayo wani tudu ne ta bugo ta gefe. Ta ja layi da sandarta. Malam Brah ya tsaya ya duba yadda rairayin ya kwanta, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce a bi layin tsohuwa. Wannan shingen shi ne yake tsaye har yau.

Itatuwan kuma a gidajenmu na Gure muka raine su. Kowace mace ta ɗauki ledoji ta shuka kandili da dakwara da aduwa, tana ba su ruwan alwala da na ɗaurayar kwano. Da ruwan farko ya sauka muka kwashe su muka dasa. Da aka yi fari na kwanaki a tsakiyar damina, da bido, wato jarkar ruwa, a ka muka riƙa hawa muna shayar da su ɗaya bayan ɗaya.

Bayan haka na yi jinya, sai da damina ta yi nisa na koma. Mai girma Shugaba, da mota ta sha kwana na hango tudun, ban gane shi ba. Farin nan da ke kashe ido ya tafi. Ƙarangiya da yaɗiya sun rufe gidajen shingen, ƴan itatuwanmu sun kai gwiwa, har da tsuntsaye. Na sauka na je gindinsa na kasa kunne. Shiru. Rairayin ya daina zuba. Na taka zuwa rijiya, takun da na ƙidaya da farko bai ragu ba. Na tsuguna a wurin na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba. Shekara talatin ina koya wa yara a aji cewa hamada tana tafiya, ban taɓa zaton zan ga ranar da mata masu sayar da ƙosai za su ce mata tsaya, da izinin Allah, ta tsaya ba.

Na huɗu, ranar biki. A nan kukana ya fara, kuma da kaina zan fara.

Da labari ya kai Yamai, aka ce manya za su zo su gani. Buro ya kafa rumfuna, ya kawo kujeru da ƴan rediyo. Aka kafa babban allo a bakin hanya mai ɗauke da sunan jam'iyya da sunanka, ba a ambaci mata ko da kalma ɗaya ba. Aka raba sabon zane ga wasu, aka ce sai mai shi zai shiga inuwa. Sauran aka ja musu igiya a rana, aka ce su yi guɗa in an ba su alama. Ni kuma da safen nan sakatarenka ya miƙo mini takarda da Faransanci, ya ce in karanta da sunan mata.

Ina tsaye gaban mikro na ga Ya Falmata ta nufo rumfa da zanenta na sallah, wanda ba na jam'iyya ba ne. Mai tsaron ƙofa ya tare ta da hannu, ya nuna mata bayan igiya. Ta juya ba musu, ta je ta tsaya a rana. Ina kallonta, takarda tana hannuna, na karanta cewa muna godiya ga Shugaban reshe wanda ya ɗauki nauyin wannan aiki tun daga farko har ƙarshe. Da bakina na faɗa. Aka tafa, kai ma ka tafa. Na ji tsoron ɓata taro a gaban baƙi, na zaɓi in ɓata gaskiya. Wannan laifina ne, ba na ɗora wa kowa.

Da aka watse na je na durƙusa gabanta na roƙi gafara. Ta ce ita ba ta jin Faransanci, ba ta san abin da na faɗa ba. Na fassara mata duka. Sai ta tambaye ni ko an ba baƙin ruwan rijiyar sun sha, don ita abin da take so su ɗanɗana ke nan.

Da abin ya tsaya a nan, da na haɗiye, ban rubuta komai ba.

Na biyar, wanda shi ne ainihin dalilin wannan takarda. A ranar nan, a gaban baƙi da rediyo, ka yi alkawari reshe zai sa mai gadi har itatuwan su fi ƙarfin dabba. Rani ya shiga, ya yi tsakiya, ba mai gadi. Sai ga garken raƙuma da awaki na wani babba a buronka, ka san shi, ba sai na kama suna ba. Suka karya shinge ta gefen gabas suka shiga. Cikin kwana biyu suka cinye kandilin da muka yi wata da watanni muna raino da ruwan alwala. Matan Kwarin Aji suka fito kora, makiyayin ya nuna musu allon nan na bakin hanya, ya ce maigidansa ya gaya masa filin na jam'iyya ne, kuma shi ɗan jam'iyya ne. Ban ga laifin makiyayin ba, ɗan haya ne, abin da aka gaya masa ya faɗa. Amma ka duba, allon da ya shafe sunan mata shi ne kuma ya buɗe wa raƙuma ƙofa.

Mun kai ƙara buro, aka ce mu yi shiru har zaɓe ya wuce, kada a ɓata wa mai taimakon jam'iyya rai. Yanzu haka ta wannan ɓarakar rairayi ya soma zubowa. Na je makon jiya, na ji ƙararsa da kunnena.

Ya Falmata ta bar rumfarta ta kasuwa ta koma ƙauye. Ta kafa bukka a bakin ɓarakar, tana zaune da sanda tun safe har faɗuwar rana. Matan gari suna karɓarta in sun sami sarari, mu ma muna zuwa bi da bi. Rairayi ya ɓata mata ido, yanzu ba ta gani sosai, da kukan raƙumi take gane sun matso. Mace mai jikoki da tattaɓa-kunne, ita ke gadin aikin da aka rubuta sunanka a kansa.

Saboda haka, cikin girmamawa, ga abin da nake roƙo a madadin ƙungiya. A sa mai gadin da ka yi alkawari, kafin damina ta faɗi, don tsohuwar nan ta sauko ta nemi maganin idonta. Ka kira mai garken ka gaya masa da bakinka cewa filin na mutanen Kwarin Aji ne, kuma ya kawo kalimbon da za a toshe inda dabbobinsa suka karya. Ba ma neman kuɗinsa, mu za mu kafa da hannunmu. A cire allon nan. In dole sai an sa wani, a rubuta cewa matan Gure da na Kwarin Aji da na Bune suka yi, har da waɗanda ba ƴan jam'iyyarmu ba. Sannan a ba mata kujera a inda ake yanke shawara a buro, ba bayan igiya ba. Na ƙarshe, ka zo da kanka, ba tare da rumfa ko rediyo ba, ka hau tudun nan da ƙafarka ko sau ɗaya. Na san yaron da na koyar, in ya gani ba zai iya yin shiru ba.

Kafin in aiko da wannan takarda na je bukkar Ya Falmata na karanta mata ita tun daga sama har ƙasa, don kada in sake faɗin wani abu da sunanta ba ta sani ba. Ta saurara tana murza carbi. Ta ce in cire maganar jaki, na ce ba zan cire ba. Sai ta ce, "To ki gaya masa ni ban riƙe shi da komai ba. Ya dai zo da wuri, ruwa ya kusa." Na isar da saƙonta kamar yadda ta ba ni. Ita ta yafe tun ranar. Ni ban kai inda ta kai ba, shi ya sa na rubuta.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya kare ka daga masu gaya maka abin da kake son ji kawai. Allah ya ji ƙan mahaifanka, ya shirya maka zuriya, ya sa shugabancin nan ya zame maka hujja ranar gobe, kada ya zame maka kaya. Allah ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam.

Malamarka,
Madan Rabi,
Sakatariyar ƙungiyar mata, Gure.